TSUNTSAYEN HUNTURU DA SANA'AR ƘYALLE

Na ga mutanen Ƙauran Namoda, masu masauki. Na ga waɗanda suka taso daga Shinkafi da Zurmi. Na san halin da hanya take ciki. Allah ya saka muku da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.

Ga wani abu nan a tafin hannuna. Ku miƙa wa juna kowa ya taɓa. Kurciya ce, amma ta ƙyalle. Da guntayen yadi na ɗinka ta, na cusa mata auduga. Maganar da ta kawo ni yau ke nan: yadda za mu kalli tsuntsayen da ke zuwa tsakar gidajenmu da hunturu, mu ɗinka irinsu, mu sami ɗan abin sayen gishiri da sabulu.

An gama girbi. Aikin gona ya yi sauƙi. A da, da yawa cikinmu kan shiga fadama noman rani, wasu su shiga daji neman itace. Yanzu rashin tsaro ya tsuke mana wuri. Akwai mata a cikinmu da suka baro ƙauyukansu, suna zaune gidajen dangi da marayu a gabansu. Sana'ar da za a yi a cikin gida, da jari kaɗan, ita muke bukata. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya.

NA FARKO, A DUBA

Bari in ba ku labarin tsuntsun da na fara ɗinkawa. Na ɗauki almakashi, na yanka, na ɗinka, na miƙa wa jikana. Ya juya shi, ya sake juyawa. Sai ya ce, "Kaka, ɓera ne ko dankali?" Aka yi ta dariya a gidan. Yaron ya faɗi gaskiya. Shekara da shekaru ina tare da kurciya, amma ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba. Ban san inda fiffikenta ya tsaya ba. Ban san tsawon jelarta ba.

Washegari na sami tsohon kasko, na zuba ruwa, na ajiye a gindin darbejiya. Na watsa ɗan gero da dusa a gefe. Na koma bakin ƙofar ɗaki na zauna shiru. Kwana uku kawai aka yi, tsuntsaye suka san wurin. Da rani ruwa shi ne babban abin da suke nema. Har ƙadangare ya samu, albarkacin kaza.

Ga abin da za ku yi ku ma. Ku ajiye kaskon a inuwa, inda kyanwa ba ta da wurin laɓewa. Ku sa ɗan dutse a ciki don ƙananan tsuntsaye su sami wurin sauka. Ku zubar da ruwan ku sake sabo kullum, don kada sauro ya yi ƙwai. Kada ku haɗa kaskon da na kajinku, saboda cuta. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan fitowar rana, da kuma bayan la'asar.

Ina roƙonku, kada kowa ya shiga daji don kallon tsuntsu. Kada a aiki yaro. Tsakar gida da bakin rijiya da bayan katanga sun isa.

Idan tsuntsu ya sauka, ku tambayi kanku abu biyar. Yaya girmansa, ya kai kurciya ko bai kai ba? Yaya bakinsa, gajere ne mai kauri ko dogo siriri? Wane launi ne a kai, da ƙirji, da fiffike? Jelar doguwa ce ko gajera? Yana tafiya ne ko yana tsalle? Mai littafi ya rubuta. Ya sa sunan tsuntsun da ranar da ya gan shi.

'YAN GIDA

Akwai tsuntsayen da muke tare da su rani da damina. Kurciya tana da ƙirji ja-ja mai ɗigo-ɗigon baƙi, gefen fiffikenta shuɗi-shuɗi kamar toka. Hasbiya ta fi ta girma. Fiffikenta na da fararen ɗigo, kuma akwai jar fata kewaye da idonta. Baiwar Allah ƙarama ce ƙwarai, har cikin ɗaki take shigowa. Namijin ja ne, macen kuwa ruwan ƙasa. Hankaka baƙi ne, da fari a ƙirji da wuya kamar ya sa 'yar shara. Belbela fara ce tas, bakinta ruwan ɗorawa. Cilakowa tana da dogon baki mai lanƙwasa da doguwar jela. Alhudahuda, wanda labarinsa da Annabi Sulaimanu ya zo a cikin Alƙur'ani, yana da tukku a ka, da zanen baƙi da fari a fiffike.

Shamuwa fa? Kowa ya san ba a ganinta da hunturu. Idan ta dawo, manomi ya gyara fartanya, damina ta kusa. A nan take yin sheƙa, ta yi 'ya'ya. Idan ruwa ya ɗauke sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke farawa a lokacin.

BAƘIN HUNTURU

Lokacin da shamuwa ke tafiya, wasu baƙi ne ke isowa. Daga ƙasashen Turai suke zuwa. A can idan sanyi ya shigo, ƙanƙara ke rufe ƙasa. Ƙwari su ɓace, abinci ya yanke. Sai tsuntsaye su taso, su ƙetare teku, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a ƙasashenmu wajen watan Satumba da Oktoba. Su koma wajen Maris da Afrilu.

Masu shanu sun san wani ɗan tsuntsu siriri, cikinsa ruwan ɗorawa, yana bin ƙafafun shanu yana kaɗa jela sama da ƙasa. Ku neme shi a wurare masu laima, kamar gefen gulbin Gagare da gulbin Bunsuru. Baƙo ne. Nauyinsa bai kai rabin ƙwan kaza ba. Amma daga ƙasar Italiya zuwa nan ya fi kilomita 3,000. Wato kamar mutum ya yi tafiyar Ƙaura zuwa Gusau sau hamsin. Kafin ya ƙetare hamada sai ya ci ƙwari ya tara kitse. Kitsen nan shi ne guzurinsa.

Wani zai ce, yaya aka sani? A shekarar 1822, a ƙasar Jamus, an harbo wani babban tsuntsu ɗan'uwan shamuwa, fari mai baƙin fiffike. Sai aka ga mashi soke a wuyansa, kuma mashin irin na Afirka ne. Da shi ya yi tafiyar duka. Har yau tsuntsun yana ajiye a jami'ar birnin Rostock. Daga baya, a shekarar 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmak ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zobe mai lamba a ƙafa. Idan an sami tsuntsun a wata ƙasa, sai a karanta lambar a san inda ya fito. An sa wa tsuntsaye irin zoben nan a Kano da bakin Tafkin Chadi, aka kuma same su a Turai. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye mai suna APLORI, tana aiki tare da Jami'ar Jos.

Abin da ya same mu, yana samun baƙin nan. A shekarar 1969 mutanen Ingila suka lura fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai koma musu ba. Da aka bincika, sai aka gane farin da aka yi a ƙasashenmu na bakin hamada ne ya kashe su. Dattawanmu suna tune da farin 1973 da na 1984. Itacen da ya ba akuya ganye, shi ne ke ba tsuntsu ƙwari da wurin kwana. Idan an sare shi, duka biyu sun rasa.

Ku tambayi kanku, yaushe rabonku da ganin gauraka? Yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittu, IUCN, ta sa ungulun nan da muka sani cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Guba da farauta don sayar da sassan jikinta suna cikin dalilai. Ita ce kuwa ke share mushe kafin ya jawo cuta. Akwai yaranmu da ba su taɓa ganin gauraka ba sai a tatsuniya.

Ban manta da jan-baki ba. Shi kam ɓarnar gero da shinkafa yake yi, kuma manomi yana da haƙƙin kare gonarsa. Amma tsuntsaye da yawa ƙwari da fara da tsutsa suke ci. Wanda ya san su, ya san abokinsa, ya san maɓarnaci.

MAGANAR HALACCI

Na san abin da ke ran wasunku, don ni ma na yi wannan tambaya. Shin ya halatta a yi siffar abu mai rai? Ni ba malama ba ce, amma ga abin da malamai suka karantar da mu. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya kuma zo cewa matan sahabbai kan yi wa yaransu abin wasa da ulu ranar azumin Ashura, don su ɗauke musu hankali daga abinci. Saboda haka malamai da yawa suka yi sauƙi kan kayan wasan yara. Wasu kuma sun fi son kada a cika siffar, misali a bar fuska ba ido. Kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Wadda ta tsaya kan kayan wasan yara kaɗai, kasuwarta na nan.

KAYAN AIKI

A Turai suna yin wannan sana'a da wani ƙyalle mai kauri na ulu. Ba saƙa shi ake yi ba. Gashin tumaki ake jiƙawa da ruwan zafi da sabulu, a yi ta murzawa har ya danƙare. Kun san jar dara, hular nan ta dattawa? To, irin ƙyallenta ke nan. Kyansa shi ne ko an yanka bakinsa ba ya warwarewa. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashinsu gajere ne mai santsi, ba ya danƙarewa haka. Amma muna da hanya biyu.

Hanya ta farko, tsohuwar rigar sanyi ta gwanjo ko tsohon bargo. Sai dai a tabbata ulu ne na gaskiya. Ki zare zare ɗaya ki kusanta shi da wutar ashana. Idan ya yi ƙaurin gashi ya zama toka, ulu ne. Idan ya narke kamar leda, na roba ne, ba zai danƙare ba. Idan ulu ne, ki sa shi a ruwan zafi da sabulu, ki murza sosai kamar kina wanki. Ki tsoma a ruwan sanyi. Ki maimaita sau uku ko huɗu. Zai tsuke, ya yi kauri. Ki shanya a inuwa.

Hanya ta biyu ta fi sauƙi. Guntayen yadi na wurin tela: shadda, atamfa, yadin makaranta. Yawanci sharewa ake yi a ƙone. Ki yi magana da telan unguwarku ya riƙa tara miki.

Sauran kaya su ne allura, zare, almakashi, kwali, alli ko gawayi, da guntun fata na wurin dukawa don yin baki. Abin cusawa kuma auduga ce wadda aka cire wa gurya, ko audugar rimi. A kula, audugar rimi tana kama wuta da sauri. A nisanta ta da murhu da fitila.

Idan farin ƙyalle kika samu, rininmu na gargajiya yana nan. Baba yana ba da shuɗi. Karan dafi yana ba da ja. Gangamau yana ba da ruwan ɗorawa.

YADDA AKE YI

Mu fara da kurciya, don ta fi sauƙi.

1. Ki zana jikin kurciya a kan kwali, yadda take idan ta ba ki gefe. Kai da jiki da jela a haɗe. Tsawon ya kai tafin hannunki. Ki yanke. Wannan kwali shi ne ma'auninki, ki adana shi.

2. Ki zana fiffike a wani kwalin, kamar rabin ganyen mangwaro. Ki zana wani kuma kamar cikakken ganyen mangwaro. Wannan na ƙasan ciki ne. Shi ke sa tsuntsun ya yi faɗi ya zauna.

3. Ki ɗora kwalayen kan ƙyalle, ki bi gefensu da alli. Ki yanka jiki biyu, fiffike biyu, ciki ɗaya. Idan yadin tela ne, ki bar ɗan rata kamar faɗin farce saboda ɗinki.

4. Ki fara ɗinka fiffike a kan kowane gefen jiki. Ki lura, ɗaya na dama ne, ɗaya na hagu. A nan sababbin hannu suka fi yin kuskure.

5. Ki yi ɗigon ƙirji da baƙin zare, kamar yadda ake ɗinkin hula. Ido ma ƙullin zare ne, ga mai son sawa.

6. Ki haɗa jiki biyun daga baki, ki bi ta baya har jela. Ki sa guntuwar fatar baki a tsakani ki ɗinke. Sannan ki ɗinka na ciki a ƙasa. Ulu ta waje ake ɗinka shi. Yadin tela kuwa a birkice ake ɗinkawa, sannan a juyo. Ki bar ƙofa mai faɗin yatsa biyu.

7. Ki cusa auduga kaɗan-kaɗan da tsinke. Ki fara da kai, sannan jela, sannan ciki. Idan kika cusa da yawa lokaci ɗaya zai yi ƙululu.

8. Ki rufe ƙofar da ƙananan ɗinki. Idan na ratayewa ne, ki sa zaren rataya a baya.

Idan kin gama, ki kai shi bakin kasko ki gwada da mai rai. Gani ya kori ji. Inda ya bambanta, ki gyara ma'aunin kwalin. Da ma'aunin kurciya za ki yi hasbiya, ki ƙara girma. Ki ƙara tukku da dogon baki, ya zama alhudahuda. Ki rage, ki sa jan ƙyalle, ya zama baiwar Allah.

Ga gargaɗi. Wanda za a ba ƙaramin yaro, kada a sa masa dutsen ado, ko maɓalli, ko ƙafar waya. Yaro yana iya cirewa ya haɗiye. A wanke ƙyallen gwanjo kafin a yi aiki da shi. Kuma kada a kashe tsuntsu don a sami gashinsa. Wadda ta yi haka ta ɓata sana'ar tun daga tushe.

KASUWA DA LISSAFI

Ba zan ruɗe ku ba. Wannan sana'a ba ta kai mutum Makka a shekara ɗaya. Ƙari ce a kan ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula da saƙar faifai. Kuma kayan wasa na roba sun cika kasuwa. Abin da namu ya fi su shi ne ba ya fashewa, ana wanke shi, kuma tsuntsun garinmu ne.

Masu saye su ne iyayen yara, musamman da sallah, da malaman makarantun ƙananan yara masu neman abin koyarwa, da teloli masu son abin soka allura. Ana yin ƙarami a sa masa zobe don riƙe makulli. Ana jera biyar a zare a rataya sama da inda jariri ke kwanciya, inda hannunsa ba ya kai. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis tana tara jama'a. Akwai Ƙaura, akwai Gusau. Mai babbar waya a gida ya ɗauki hoto ya aika wa dangi na birni ta WhatsApp.

Kada ki sa kuɗi da ka. Ga misali. A ce kin kashe naira 1,000 kan zare da auduga da fata, kika sami tsuntsu 10. Kowane ya ci naira 100 ke nan. Ki ƙara ladan aikinki da kuɗin mota, sannan ki yanke farashi. Idan an sayar, ki fara ware uwar kuɗi kafin ki taɓa riba. Ku haɗu ku biyar ko shida, kamar yadda kuke adashi. Wata ta yi yanka, wata ɗinki, mutum ɗaya ya kai kasuwa. Kuɗin mota ya ragu, masu bin hanya ma sun ragu.

Maza, ku ma da aikinku. Ku ne za ku samo guntayen yadi da fata, ku yi zanen kwali, ku kai kasuwa. Tela da baduku ma suna iya wannan aiki.

DAGA ƘARSHE

Jikan nan nawa da ya yi mini dariya, gwanin danƙo ne. Ba ƙaramin tsuntsun da ke sauka gidanmu ya tashi lafiya. Na yi faɗa har na gaji. Da na fara wannan aiki sai na ba shi aikin zuba ruwa a kasko. Na ce ya riƙa gaya mini launin kowane tsuntsu, don idona ya yi rauni. Yanzu shi ke gyara mini. Ya ce, "Kaka, jelar ta fi haka tsawo." Ran nan na ji yana hana abokinsa harbin baiwar Allah. Bai jefar da danƙon ba, yana korar jan-baki da shi. Amma ya san wanda ake kora da wanda ake bari.

Saboda haka ga aikin da zan ba kowa. Yau ki nemi kasko. Ki yi mako guda kina kallo, kada ki taɓa almakashi. A mako na biyu ki ɗinka tsuntsu ɗaya. Idan ya yi kama da dankali, kada ki karaya, nawa ma haka ya yi. Idan mun sake haɗuwa kowa ya zo da nasa, da sunayen tsuntsayen da ya gani. Ku tambayi tsofaffi sunayen da kuka manta, tun suna raye.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya sa albarka a hannuwanmu.